Teku Ba Ta Warin Kananzir

Da ana mayar da kwanaki baya, akwai abu ɗaya da zan fara komawa in gyara. Ba rigunan mutane da na ɓata ina saurayi ba ne, ko da yake suna da yawa. Wata kwalba ce da na miƙa wa kawuna a Shagari na ce masa ruwan teku ne a ciki, alhali ba shi ba ne. Har yau in mun zauna a rumfar teloli ranar kasuwar Boɗinga, sai wani ya ce, Malam Umaru, a ba mu labarin Kwatano. Nakan ba su, su yi dariya, amma kullum ina tsallake wurin kwalbar. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, ba mai zurfi ba, amma ya isa in rubuta labarin sau ɗaya ba tare da tsallake ba.

Lokacin da aka sami mulkin kai ina ɗinki a cikin birnin Sakkwato. Aiki ya yi mana yawa a shekarar nan irin wanda ban taɓa gani ba. Ga kayan 'yan makaranta, ga tutoci kore da fari, ga manyan riguna, don kowa ya zama babban mutum kuma kowa yana son tasa jiya. Biki ya wuce, aikin bai wuce ba. Kaina ya riƙa sarawa, idona ya riƙa ganin allura biyu, na zama mai faɗa da kowa har da keken ɗinkina. Malamin asibiti ya duba ni ya ce ba ciwon da zai ba ni magani a kai, hutu nake bukata. Na ce masa a garinmu wanda ya kwanta da rana ba ciwo, gaishe shi ake zuwa yi.

Abokina Alhaji Garba, ɗan Boɗinga kamar ni, fataucin albasa yake yi zuwa Kwatano ta ƙasar Dahome. Shi ya ce in rufe shago in bi shi. Ya ce akwai wani wuri a bakin teku da iska kaɗai take aiki, kowa zaune yake. Na yarda ne don na gaji da musu.

Motar albasa ta ɗauke mu a Boɗinga, na roƙi direba ya tsaya mini a Shagari in yi sallama da Kawu Bawa. Ƙanin mahaifiyata ne, a hannunsa na tashi, shi ya koya mini riƙe allura tun kafin in ga keke. Aikin wuyan riga ya cinye masa ido, lokacin nan sai dai ya gane mutum da murya. Na same shi a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na tambaye shi tsarabar da yake so. Shi Sanda yake kirana.

Ya ce, "Sanda, ban son yadi, ban son turare. Tun ina yaro nike jin hwatake na labarin ruwan da ba shi da ƙetare. Ko an kai ni gabanshi yanzu ba ni ganinshi. Amma harshena na nan. Ɗebo mani cikin goran ga, in lasa, in ji abin da Allah Ya yi."

Ya lalubo goransa na alwala, wanda ya sha hannu har ya yi ja, ya ba ni. Na ce wannan ai ba aiki ba ne, Kawu. Na rataya shi a kafaɗa na hau mota.

Wanda bai taɓa kwana biyu a kan buhunan albasa ba, bai san albasa ba. Kafin mu kai Jega ta shiga rigata, kafin Birnin Kabi ta shiga tuwon da muka saya, a Kamba kuwa ko ruwa na sha ita nake ji. Alhaji Garba ya ce shi ya daina jin warinta tun shekara goma, matarsa ce dai ba ta daina ba.

A Kamba muka bar ƙasarmu. Da muka shiga Gaya direba ya koma hannun dama, na ga wata mota ta nufo mu ta inda ban saba ba, na yi salati na rungume buhu. Alhaji ya bari sai da na gama sannan ya gaya mini haka ƙasar Faransa take tuƙi. A bakin gadar Kwara wani jandarma ya duba takardunmu da shaidar lamba a hannu, yana ta Faransanci yana ɗaure fuska. Ya girgiza goran Kawu ya ji ba kome, sai ya juya da Hausa tsantsa, irin ta makwabcinka, ya ce me zan yi da gora wofi. Na ce teku zan ɗebo. Ya kira abokin aikinsa ya maimaita masa, suka yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in na ɗebo in rage wa masu kifi kaɗan.

Daga Malanbil, garin da ke ƙetaren gada, muka yi ta kudu har Faraku, inda aka sauke albasa aka loda ta a jirgin ƙasa. Jirgin nan ba ya sauri, kuma ba ya wuce ko ƙauyen gida biyar bai tsaya ba. Duk tasha mata ne ke ciniki, su ke ɗaga kaya, su ke faɗa da ma'aikata, mazansu na tsaye a baya kamar an ba su ajiya. Wata mai jiki ta zauna kusa da ni da kwandon kaji, ta shaƙi rigata sau ɗaya ta tashi ta koma can ƙarshen tarago. Ban ga laifinta ba.

A Kwatano muka sauka a zango, unguwar Hausawa, gidan wani Bakabe da ya shekara talatin a can. Unguwar kamar an yanko ta daga gida, akwai masallaci, akwai mai tsire, akwai masu gardamar siyasar Arewa da ba su gani da idonsu ba. Abinci ne dai ya bambanta. Da safe burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai ɓawo da ke yanka dasashi, a tsoma shi a kofi da madara cikin kwano. Da rana wani farin tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ganye, da soyayyen kifi, da barkonon da ya sa na tuna duk zunubaina. An kawo mini ƙaguwa a miya, na ce a gaishe ta, ni ba na cin abin da ke tafiya a karkace.

Washegari Alhaji ya raka ni bakin teku kafin ya wuce kasuwa. Tun ba mu gan ta ba nake jin ruri, na ɗauka wani jirgi ne. Da muka fita daga cikin itatuwan kwakwa sai na tsaya. Na san gulbin Rima da damina, na ga Kwara, amma duk suna da wancan gefe inda mutum zai ce ga inda za shi. Wannan ba ta da shi. Na saki baki ina kallo, sai Alhaji ya ce in rufe baki kada gishiri ya shiga.

Niyyata in cika alkawari a ranar, kuma Allah Ya sani na gwada. Na tuɓe takalma, na naɗe wando, na bi ruwa yana ja da baya ina miƙa gora kamar mai bin akuya. Ban san dawowa yake yi ba. Wani raƙumin ruwa ya taso ya buga ni da ƙasa, ya cika mini baki da hanci da rairayi, da na tashi ba hula, ba gora. Na hango shi yana rawa can nesa, sannan ban ƙara ganinsa ba. Wasu masunta da ke jan taru suka saki igiya don dariya. Alhaji ya ce kada in damu, kwalba ba ta da wuya a garin nan, gobe sai in samo wata. Na ce haka ne, gobe.

Kwana goma sha biyu na yi a bakin ruwan nan, kuma ban taɓa jin daɗi irin nasu ba. Kwana biyun farko ban iya zaman ba. Ƙafata ta riƙa taka keken da babu, ina ta jin kamar wani zai zo ya ce ina rigarsa. A rana ta uku na shimfiɗa tabarma a inuwar kwakwa bayan azahar, iska ta bi ta kaina, ban farka ba sai la'asar. Da na tashi na nemi ciwon kai na rasa.

Na ga abubuwan mamaki. Turawa, maza da mata, suna zuwa da mota su tuɓe sai ɗan abin da ba a rasa ba, su kwanta cikin rana tsaka da gangan har su yi ja kamar tsire. Mu da muke biyan mai rumfa don ya raba mu da rana, na kasa gane wannan ciniki. Da fari nakan juya musu baya, daga baya na lura su ma kallona suke, mutum da babbar riga da rawani yana zaune a rairayi yana shan ruwan kwakwa. Kowa dai ya sami abin ba da labari in ya koma gida.

Cikin masuntan da suka yi mini dariya akwai wani dattijo, Kosi, mai 'yar Hausar da ya tsinta wurin mahauta. Wata rana na gan shi yana fama da babban ƙyallen da suke ɗaurawa a jirgi iska ta tura su, ya yage, yana ɗinke shi kamar mai ɗaure buhu. Hannuna ya yi ƙaiƙayi. Na karɓa na yi masa irin ɗinkin da Kawu ya koya mini na haɗa ƙwaryar riga, wanda ko an ja ba ya buɗewa. Kosi ya ja, ya sa ɗan'uwansa ya ja, bai motsa ba. Daga ranar ban ƙara sayen kifi ko kwakwa ba, kuma duk mai yagaggen ƙyalle a bakin ruwan ya san inuwata. Alhaji ya ce an kawo ni hutu na buɗe shago. Amma ɗinkin da ba mai tsaye a kanka, shi ma hutu ne.

Na ba Kosi labarin Kawu da goran da ya tafi. Ya ce ruwan gefe duk rairayi ne da ƙazantar gari, bai dace da tsoho ba. In kawo kwalba, shi zai ɗebo mini na can tsakiya inda ruwa yake baƙi mai tsabta. Na ji daɗi, na ce gobe zan kawo. Ya tuna mini sau biyu. Abin da ke gabanka kullum, mai girman da ba ya ƙarewa, ba ka jin zai tsere maka. Ko alwala da shi nake yi, don limamin zango ya ce mai tsarki ne. Sau biyar a yini ina ɗibar ruwan nan da hannuna, ban zuba ko cokali a mazubi ba.

Ranar komawa ta zo ba shiri. Alhaji ya sami labarin jirgin da zai tashi da hantsi ya fi dacewa da motar da za mu tara a Faraku, muka tattara kaya a gurguje. Na sayo wa iyali sabulu da ɗankwali, na cika buhu da kwakwar Kosi. Sai da muka sauka a Malanbil, na hango jandarman nan a bakin gada, sannan na tuna ban ɗebo wa Kawu ruwansa ba.

Na gaya wa Alhaji. Ya ce abin bai yi daɗi ba, amma da sauƙi: in faɗa wa tsoho gaskiya, shi bayan wata biyu zai komo, zai ɗebo masa. Shawara ce mai kyau. Ni kuwa na tuna yadda na ce wa Kawu wannan ba aiki ba ne, na tuna goransa na alwala, na ga kaina durƙushe a zaure ina cewa na kwana goma sha biyu ina barci a gaban ruwa na manta. Kunya ta rufe ni, kuma maimakon ta kai ni ga gaskiya sai ta kai ni kasuwa.

Na sayi kwalba wofi wurin wata mai sayar da kananzir, na gangara Kwara na ɗauraye ta sau uku, na cika. Na sayi gishiri, na tambayi mai shi daga ina yake, ta ce daga bakin teku. Na ce wa zuciyata to ai rabin gaskiya ke nan. Na zuba, na girgiza, na ɗanɗana, na ƙara. Alhaji yana kallona bai hana ni ba, ya dai ce shi bai gani ba, kuma kada in sa sunansa.

A Shagari kafin in gama gaisuwa zaure ya cika. Na ce teku ta karɓe gora ta ba da wannan a madadinsa, aka yi dariya. Kawu ya yi bisimilla, ya zuba kaɗan a tafin hannu, ya shaƙa, ya lasa. Ya daɗe yana juya harshe. Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige.

Ya ce, "Allahu Akbar. Gishiri kamar an ɓata miya. Kuma da ɗan wari nai, kamar na kananzir." Ya juyo inda nake. "Haka take, Sanda?"

Nan ne wuri na biyu da gaskiya ta tsaya tana jirana. Na ce, "Haka take, Kawu. Jiragen Turawa ne ke yawo cikinta."

Ya yi ta sa mini albarka. Ya ce yanzu ko yau aka kira shi ya san ɗanɗanon abu mafi girma da Allah Ya shimfiɗa a duniya. Kwalbar ta zama abin nunawa. Ranar kasuwa mutane daga Kajiji da Horo Birni da Dandin Mahe sukan biyo su gaishe shi, ya ɗiga musu a hannu da tsinke, ya yi musu bayanin jiragen Turawa. Wata tsohuwa ta shafa a gwiwa ta ce ta ji sauƙi.

Bayan wata biyu Alhaji Garba ya dawo daga Kwatano ya same ni a shago da kwalba sabuwa fil, an toshe ta da kyau. Ya je ya nemi Kosi da kansa, Kosi ya ɗebo daga tsakiya kamar yadda ya yi alkawari. Alhaji ya ce mu je tare, mu ce ƙari ne, ko ba a faɗi kome ba dai tsoho ya lasa ta gaske. Na ga wannan hanya ce mai sauƙi, ba sai na buɗe baki ba.

Muka tarar da zaure da mutane. Kawu ya karɓa da godiya, ya shaƙa, ya sake shaƙa, ya lasa, sai ya yi murmushi irin na wanda ya san abu.

"Alhaji, wa ya ɗebo maka wanga?"

Alhaji ya ce wani masunci ne amintacce.

"To ya cuce ka, ɗana. Ruwan rijiya na ya sa ma gishiri, har da ɗaci. Na gaske yana da wari nai. Ga wanda ya tahi da ƙahwa tai ya ɗebo, tambaye shi."

Zaure ya fashe da dariya. Alhaji ya juyo ya dube ni. Kowa ya dube ni. Na sunkuyar da kai na ce wataƙila wurin ɗiba ne ya bambanta. Kawu ya sa aka zubar da ruwan Kosi a gindin darbejiya, ya ce kada a haɗa masa da nasa.

A hanyar komawa na ba Alhaji haƙuri. Ya ce shi ba kome, fatake sun saba da dariyar kasuwa, amma in koma in faɗa wa tsoho tun yana ji. Na ce sai na sami ranar da ba mutane. Shekara biyu ina zuwa Shagari ina neman ranar nan, in na same ta kuma sai in ga yadda yake shafa kwalbar yana murna, in ce wani zuwan. Mutanen kasuwa kuwa suka riƙa tsokanar Alhaji, in ya sauke kaya su ce a duba ko albasar ma ta rijiya ce. Yakan yi dariya tare da su, bai taɓa tona ni ba har ya koma ga Allah. Kawu ya riga shi. A cikin kayansa aka sami kwalbar naɗe a tsumma, da ɗan ruwa a gindinta, aka ba ni ita wai ni na fi cancanta. Tana nan a ɗakina. Har yau in na buɗe ina jin warin.

Tafiyar ta yi mini amfani, ba zan ɓoye ba. Ciwon kai bai dawo ba, na bar birni na komo Boɗinga da kekena, kuma duk wanda aiki ya sha masa kai ina ba shi shawara ya je ya zauna gaban ruwan nan ya ga ƙanƙantar abin da ke damunsa. Roƙona ga mai karatu shi ne kada ya yi irin tawa. In tsoho ya aike ka, ka fara da saƙonsa ranar da ka sauka, kafin ka nemi inuwa. In ka manta, ka koma masa hannu wofi ka faɗa, kunyar yini ɗaya ce. A roƙa wa Kawu Bawa da Alhaji Garba gafara, ni ma a sa ni ciki. Wanda kuma ya ji wani a Shagari ko ƙauyukanta yana cewa teku na warin kananzir, don har yanzu akwai masu rantsuwa a kai cewa kakansu ya lasa, ya gaya masa ba ta yi. Umaru tela ne bai wanke kwalba da kyau ba.